CINIKIN SUNAYEN INTANET TA WASIƘA: INDA HALAL TA TSAYA

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya sanya albarka cikin fatauci na gaskiya, tsira da amincinsa su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, wanda mutanen Makka suka shaide shi da riƙon amana a fagen ciniki tun kafin a aiko shi, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a wannan mako muna so mu jawo hankalin 'yan'uwanmu 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati zuwa ga wani irin ciniki wanda kakanninmu ba su san shi ba, amma yau ga shi yana shigowa har cikin ofisoshinmu da shagunanmu ba da sallama ba. Hajar wannan ciniki ba a auna ta da mudu, ba a gwada ta da yadi, ba a kuma ɗora ta bisa sikeli, domin kuwa suna ce kawai. Mutum zai yi rajistar wani suna a intanet da kuɗi ƙalilan, sa'an nan ya zauna ya lalubo kamfani ko ɗan kasuwan da yake zaton yana bukatar sunan, ya aika masa da wasiƙar imel yana tallata masa shi da farashin da ya ninka abin da ya kashe sau ɗari ko sau dubu. Samarinmu da yawa sun shiga wannan sana'a, manyanmu kuma da yawa irin waɗannan wasiƙu suna iso musu, saboda haka ya wajaba mu san hukuncin abin kafin mu tsoma hannu a cikinsa.

Abin da za mu yi ƙoƙarin bayyanawa shi ne, asalin wannan ciniki halal ne, amma wasiƙar da mai sayarwa ya rubuta ita ce ke tabbatar da halaccinsa ko ta rushe shi. A cikinta ne gaskiya ko ƙarya ke shiga, ita ce kuma shaidar da za a karanta a kansa a gaban alƙalin duniya, balle ranar da ba a ɓoye kome.

MENE NE AKE SAYARWA?

Kowace na'ura da ke haɗe da intanet tana da lambarta, amma da yake riƙe dogayen lambobi a ka abu ne mai wuya, sai wani masani a Amurka mai suna Paul Mockapetris ya tsara hanya a shekarar 1983 wadda za a riƙa ɗaura wa lambobin nan sunaye. Wannan suna shi ne masu sana'ar ke kira domen, watau adireshin da mutum zai rubuta ya isa shafin wani kamfani, ko abin da ke biyo bayan sunan mutum a adireshinsa na imel. Suna na farko da aka yi wa rajista mai ƙarewa da .com shi ne symbolics.com, na wani kamfanin kwamfuta, ran 15 ga watan Maris, 1985. A lokacin nan kyauta ake bayarwa, sai a 1995 aka soma karɓar dala 100 don shekara biyu. A 1998 aka kafa hukumar ICANN domin ta kula da tsarin baki ɗaya. Yau sunayen da aka yi wa rajista a duniya sun haura miliyan 350. Kowace ƙasa kuma tana da nata ƙarshen suna: na Nijeriya .ng ne, ƙungiyar NiRA ke kula da shi, na Jamhuriyar Nijar kuwa .ne.

Sirrin darajar wannan haja shi ne, suna ɗaya ba ya zama na mutum biyu a lokaci guda. Wanda ya riga ya kama, ya kama. Don haka ne sunaye gajeru masu sauƙin tunawa suka yi tsada: an sayar da business.com a kan dala miliyan 7.5 a 1999, an kuma sayar da voice.com a kan dala miliyan 30 a 2019. Irin waɗannan labarai su ne ke ɗaukar hankalin matasa, amma ya kamata a sani cewa akasarin sunayen da ake kamawa don sayarwa babu mai ko taya su. Wanda ya tara suna ɗari, yana biyan misalin dala 12 a kan kowanne, to, dala 1,200 ke fita daga aljihunsa duk shekara, ko ya yi ciniki ko bai yi ba. Wannan nauyi na biyan kuɗin shekara shi ne ke tura da yawansu ga rubuta wasiƙu barkatai, daga nan kuma sai Shaiɗan ya sami ƙofa.

Har wa yau, lalle ne mu fahimci cewa mai rajista bai mallaki kalmar ba. Abin da ya mallaka shi ne haƙƙin amfani da ita na wani wa'adi, daga shekara ɗaya zuwa goma, tare da damar sabuntawa. Idan ya yi sakaci wa'adi ya cika, akan ɗaga masa ƙafa na 'yan makonni, bayan haka sunan ya koma kasuwa kowa ya iya kama shi.

SHIN WANNAN DUKIYA CE A SHARI'A?

Wani zai ce yaya za a sayar da abin da ba a gani, ba a taɓawa? Amsa ita ce, malaman mazhabarmu ta Malikiyya, tare da Shafi'iyya da Hambaliyya, suna lissafa amfanin abu a cikin dukiya, ba sai jikinsa kaɗai ba. Muna kuma da misali a gabanmu a kasuwanninmu. Rumfar kasuwa ta hukuma ce, mai zama cikinta haya yake biya, amma idan zai tashi yakan karɓi kuɗi daga wanda zai gaje shi saboda darajar wurin. Shehu Nasiruddini Laƙƙani, ɗaya daga cikin manyan malaman Malikiyya na Masar, ya ba da fatawar ingancin irin wannan haƙƙi na shaguna tun ƙarni na goma na Hijira.

A zamaninmu kuma, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait cikin watan Disamba na 1988, ta yanke cewa sunan kasuwanci, da alamar kasuwanci, da haƙƙin mawallafi da na mai ƙirƙira, duka haƙƙoƙi ne na masu su, suna da ƙima ta kuɗi a al'adar yau, ya halatta a sayar da su muddin babu ruɗi ko yaudara ko algus, kuma bai halatta a keta su ba. Sunan intanet ɗan'uwan waɗannan ne ta kowace fuska. Saboda haka wanda ya hango cewa wata kalma ta gama-gari, kamar goro ko atamfa ko takalma, za ta yi daraja wata rana, ya riga kowa kama ta, ya yi ta biyan kuɗinta shekara da shekaru, ba mu ga laifinsa ba idan ya sayar da riba, kamar yadda ba a zargin wanda ya sayi fili a bayan gari ya jira gari ya iso.

Amma a lura, wannan hukunci kaifi biyu gare shi. Shi ne ya halatta sayar da suna, shi ne kuma ya haramta taɓa sunan wani.

SUNAN WANI BA TSINTUWA BA NE

Babbar ɓarna ta farko a wannan sana'a ita ce mutum ya kama sunan da wani ya sha wahala ya gina, sa'an nan ya rubuta masa yana neman fansa. Wanda ya yi haka bai kawo kome kasuwa ba, ƙofar gidan mutum ya toshe ya ce sai an biya shi zai kauce. Darajar sunan daga gumin mai shi ta fito, saboda haka kuɗin da aka karɓa a kansa cin dukiyar mutane ne ba bisa haƙƙi ba, ko da mai shi ya biya, domin biyan wanda aka matsa wa ba yarda ba ce.

Abin sha'awa shi ne dokokin duniya ma a nan suka tsaya, kuma kusan kullum wasiƙar mai tallan ita ce ke kama shi. A Ingila, wasu dillalai biyu sun kama sunayen manyan kamfanoni irin su Marks & Spencer, suka kuma rubuta wa kamfanin Burger King suna neman fam 25,000 a kan sunansa. A 1998 kotun ɗaukaka ƙara ta ƙasar ta tabbatar da hukunci a kansu. A shekarar nan kuma wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta kayar da Dennis Toeppen, wanda ya kama sunan kamfanin Panavision ya nemi dala 13,000. A 1999 Amurka ta yi doka ta musamman wadda ta ba kotu ikon cin mai irin wannan aiki diyya daga dala 1,000 har zuwa dala 100,000 a kan kowane suna.

A wannan shekara ta 1999 ne ICANN ta kafa tsarin sasanta rigingimun sunaye ba tare da zuwa kotu ba, kuma ƙara ta farko da aka kai gaban Hukumar Kare Haƙƙin Fasaha ta Duniya da ke Janeba, a kan wasiƙar imel ta taso. Wani mutum mai suna Michael Bosman ya yi rajistar sunan wani shahararren kamfanin wasan kokawa na Amurka a watan Oktoba na 1999. Kwana uku kacal bayan haka ya aika wa kamfanin imel yana tallata musu sunansu, daga baya ya sa farashi dala 1,000. A watan Janairu na 2000 aka yanke hukunci a karɓe sunan a miƙa wa kamfanin, shi kuwa ya tashi a tutar babu. A ƙarƙashin wannan tsari mai ƙara abu uku zai tabbatar: cewa sunan daidai yake ko ya yi kama da alamarsa har ya iya rikita mutane, cewa mai riƙe da shi ba shi da wani haƙƙi a kansa, da kuma cewa da mugun nufi ya kama shi yake kuma amfani da shi. Daga cikin alamun mugun nufi da aka ambata a fili akwai kama suna da niyyar sayar wa mai alamar, ko abokin hamayyarsa, a kan fiye da abin da aka kashe. A nan gida Nijeriya, Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015 ta tanadi ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba, ko tarar da ba ta wuce naira miliyan 5 ba, ko duka biyun, ga wanda ya ɗauki sunan wani mutum ko kamfani ko gwamnati don ya hana mai shi amfani da shi.

Sai dai adalci ya sa mu faɗi ɗaya gefen. Kamannin suna kaɗai ba laifi ba ne. Wani ɗan kasuwa a Amurka, Uzi Nissan, ya yi rajistar nissan.com a 1994 domin sunan gidansu ke nan, da shi kuma yake sana'arsa. Kamfanin motoci na Nissan ya kai shi ƙara a 1999, aka shekara da shekaru ana shari'a, amma ba a karɓe sunan daga hannunsa ba. Babban kamfanin da ya yi amfani da ƙarfinsa don ya ƙwace abin da ƙaramin mutum ya riƙe da gaskiya, shi ma azzalumi ne. Niyya da haƙƙi su ne ma'auni.

Muna ƙara jan kunne game da sunayen masallatai, da makarantu, da asibitoci, da masarautu, da garuruwa. Imamu Malik bai taƙaita haramcin ɓoye kaya ga abinci kaɗai ba, a wurinsa duk abin da riƙe shi zai cuci jama'a ya shiga ciki. Wanda ya kama sunan babban masallacin garinsu yana jiran ranar da kwamiti zai zo roƙonsa, to, ya sake tunani.

WASIƘA MAGANA CE

Waɗansu suna ɗauka cewa abin da aka rubuta a imel ba ya ɗaure mutum kamar abin da aka faɗa baki da baki a gaban shaidu. Wannan kuskure ne. Malamai tun dā sun ɗauki rubutu a matsayin magana tsakanin waɗanda ba sa wuri ɗaya. Majalisar Fiƙihun da muka ambata ta zauna a Jidda a watan Maris na 1990, ta yanke cewa ciniki tsakanin mutum biyu da ke nesa da juna, ta wasiƙa ko talgiram ko fakis ko allon kwamfuta, yana ƙulluwa ne da zarar tayin ya isa ga wanda aka yi wa, shi kuma ya amsa da yarda. Ta kuma yanke cewa wanda ya yi tayi ya sa masa wa'adi, ba shi da ikon janyewa kafin wa'adin ya cika.

Ma'anar wannan ita ce, idan ka rubuta wa wani Alhaji cewa ka sallama masa suna a kan dala 500 daga yau zuwa Juma'a, sa'an nan ran Laraba wani ya zo da dala 2,000, to, hannunka a ɗaure yake sai Juma'a ta wuce. Idan kuwa Alhajin ya riga ya amsa, ciniki ya faɗa, ba sauran ja da baya. Magana zarar bunu ce, balle wadda aka rubuta.

ABUBUWA HUƊU DA KE ƁATA WASIƘAR

Na farko shi ne ƙaryar tayi. Kusan kowace wasiƙar talla irin wannan za ka iske an ce waɗansu kamfanoni sun riga sun nuna sha'awa, ko an ce wani ya taya kaza an ce albarka. Idan gaskiya ne, babu laifi a faɗa. Idan kuwa ƙirƙira ce, to, wannan shi ne najashi wanda Annabi (S.A.W.) ya hana, watau zuga farashi ba da nufin saye ba don a ruɗi mai saye na gaskiya. Majalisar Fiƙihu, a zamanta na Burunai a 1993, ta lissafa a cikin nau'o'in najashi mai kaya ko wakilinsa ko dillali ya yi da'awar ƙarya cewa an taya masa wani farashi, ta kuma haɗa da tallan da ke zuzuta kaya da siffofin da ba su da su. A mazhabar Malikiyya, idan ya tabbata da sanin mai kaya aka yi najashi, mai saye yana da zaɓin mayar da kayan. Barazanar da ake sakayawa, cewa idan ba ka saya ba za a sayar wa abokin hamayyarka, ita ma a nan take, har ta fi muni, don ta haɗa ƙarya da tsoratarwa.

Na biyu shi ne sayar da abin da ba ka mallaka ba. Akwai masu bin jerin sunayen da wa'adinsu ya kusa cika, ko waɗanda wasu suka kasa a kasuwa, sai su rubuta wa mutane kamar nasu ne. Idan wani ya amsa, sa'an nan su ruga su nemo. Sahabi Hakimu ɗan Hizamu ya tambayi Annabi (S.A.W.) a kan daidai wannan, watau mutum ya zo neman abin da ba ya hannunsa, ya sayar masa sa'an nan ya tafi kasuwa ya sayo, aka kuma hana shi. Hausawa ma sun ce ba a cinikin biri a sama. Dillanci kuwa halal ne, amma dillali ya faɗa a sarari cewa shi dillali ne, mai kaya ya san da shi, a kuma yanka la'adarsa tun da fari.

Na uku shi ne ɓoye aibi. Suna ma yana da tarihi kamar mota ko gida. Wani an taɓa yin caca ko batsa a kansa, wani an yi ta aika wasiƙun damfara da shi har kamfanonin imel suka sa shi cikin jerin waɗanda ake toshewa, wanda duk ya saye shi zai iske wasiƙunsa ba sa isa inda ya aika. Wani kuma akwai lauyan da ya riga ya rubuto yana gargaɗi a kansa. Wani kuɗin sabunta shi na shekara ya ninka na sauran sau da yawa. Duk wannan wajibi ne a bayyana. Kowa ya san labarin mai tsibin abincin da ruwa ya jiƙa, wanda ya bar busasshen a sama, Annabi (S.A.W.) ya cusa hannu ya taɓo damshin, ya kuma nuna cewa mai algus ba ya kan tafarkinmu. Haka nan wanda ya ƙara gishiri a yawan masu ziyartar sunan, ko ya kawo takardar ƙiyasin daraja wadda shi da abokinsa suka shirya.

Na huɗu shi ne sayar wa wanda ka san ɓarna zai yi. Malamanmu sun hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai matsa. Sunan da ya yi kama da na banki, an canja harafi ɗaya kawai, babu mai bukatarsa sai ɓarawon da zai kafa shafin bogi ya kwashe lambobin sirrin bayin Allah. Wanda ya sayar masa yana da kamasho a cikin zunubin kowace naira da aka sace.

WA ZA A RUBUTA WA, KUMA YAYA?

Akwatin wasiƙar mutum kamar zauren gidansa ne, addininmu kuwa ya koya mana sallama da neman izini, in an ce mu koma mu koma. A dā duk wanda ya yi rajistar suna, adireshinsa da lambar wayarsa a buɗe suke ga kowa, 'yan talla suka yi ta kwasa. Tun daga watan Mayu na 2018, sa'ad da dokar kare bayanan mutane ta Tarayyar Turai ta soma aiki, aka rufe akasarin waɗannan bayanai. Nijeriya ma ta yi tata dokar a 2023. Amurka kuwa tun 2003 ta wajabta wa mai aika wasiƙar talla kada ya ɓoye ko shi wane ne, kada kan wasiƙarsa ya zama na yaudara, ya sa adireshinsa na gaskiya, ya kuma daina aikawa cikin kwana goma na aiki idan an ce ya daina.

Saboda haka Musulmin kirki ba zai sayi jerin adireshi dubu goma ya watsa musu wasiƙa ɗaya ba. Zai zaɓi 'yan kaɗan waɗanda sunan ya dace da sana'arsu da gaske, ya rubuta wa adireshin da suka bayyana don harkar kasuwanci. Zai faɗi cikakken sunansa da garinsu da lambar wayarsa, ya ambaci sunan da yake sayarwa, da ranar da wa'adinsa zai cika, da farashinsa, da hanyar biya, a cikin layuka kaɗan. Ba zai sa wa wasiƙar kai mai nuna kamar amsa ce ga wata tsohuwar magana ba, ba zai kuma yi shigar hukuma ba. In an yi shiru ya tuna sau ɗaya, in an ce albarka ya yi godiya ya wuce.

Akwai kuma wani nauyi na musamman a kanmu. Duniya ta daɗe da sanin wasiƙun damfara da ake kira 419, har ya zama wasiƙar ciniki in ta fito daga Nijeriya da zargi ake buɗe ta. Kowane saurayi da ya rubuta gaskiya ya cika alkawari yana wanke sunan ƙasarsa, kowane mai ƙarya kuma yana rufe wa 'yan'uwansa dubu ƙofa.

GA MA'AIKACIN GWAMNATI

Ma'aikaci yakan san abin da jama'a ba su sani ba tukuna: sunan sabuwar hukuma da za a kafa, ko sabon shiri da za a ƙaddamar, ko kamfanin da takardunsa na rajista ke bisa teburinsa. Idan ya ruga ya kama sunan a intanet, ko ya tsegunta wa ƙanensa ya kama, don a dawo a sayar wa ma'aikatar ko kamfanin, wannan cin amana ne tsantsa, domin da kujerarsa ya sami labarin, ba da basirarsa ba. Mu tuna da ma'aikacin zakkar nan da ya dawo Madina ya ware wani kaso ya ce kyauta aka ba shi, Annabi (S.A.W.) ya hau mumbari ya nuna cewa da a gidan iyayensa ya zauna babu mai kawo masa kome.

Haka kuma jami'in da aka ɗora wa kula da shafin ma'aikata, kada ya yi rajistar sunan da sunan kansa da imel ɗinsa, har ran da aka yi masa canjin wurin aiki ya tafi da mabuɗin. Sunaye masu ƙarewa da .gov.ng an keɓe su ga hukumomin gwamnati kaɗai, nan ne kuma ya dace ma'aikata ta zauna, maimakon ta zuba kuɗin jama'a wajen fanso suna daga hannun 'yan baranda.

BIYA, MIƘAWA DA ZAKKA

Mai saye da mai sayarwa galibi ba su san juna ba, kowa yana tsoron ya fara sakin abin hannunsa. Maganin wannan shi ne amintacce na tsakiya, abin da fiƙihu ya sani tun a babin jingina. Akwai kamfanoni irin su Escrow.com da Sedo waɗanda ke riƙe kuɗin mai saye, sai an tabbatar sunan ya koma hannunsa sa'an nan su sakar wa mai sayarwa, su cire ladansu. Miƙawa kuwa takan kasance ta hanyar wata lambar sirri da mai sayarwa zai karɓo daga kamfanin rajistarsa ya ba mai saye. A yi yarjejeniya tun farko a kan wanda zai biya ladan na tsakiya, a kuma adana dukan wasiƙun, domin aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta ma'amala ta sauka.

Kada kuma a manta da haƙƙin Allah. Abin da aka saya da niyyar sayarwa hajar kasuwanci ne. Malikiyya sun raba 'yan kasuwa gida biyu: mai jujjuya kaya kullum, wanda zai ƙimanta hajarsa duk shekara ya fitar da zakka, da mai ajiyewa yana jiran kasuwa ta yi kyau, wanda zai fitar ta shekara ɗaya ran da ya sayar, in kuɗin sun kai nisabi kuma shekara ta riga ta kewayo. Mai wannan sana'a ya je wurin malaminsa ya bayyana masa yadda yake gudanar da ita, don a gaya masa gidan da ya faɗa.

GA WANDA WASIƘA TA ISO MASA

Kai kuma ɗan kasuwa da aka aiko wa irin wannan wasiƙa, kada gaggawa ta ɗebe ka. Akwai masu rubutowa su ce wani yana shirin kama sunan kamfaninka a wata ƙasa, ka biya yau su tare maka. Akwai masu aiko da abin da ya yi kama da takardar neman biyan kuɗin sabuntawa, alhali ba su ne kamfanin rajistarka ba. Mai sayarwa ma ana farautarsa: wani zai rubuto ya ce zai saya da tsada, amma sai an kawo takardar ƙiyasi daga wani wuri da shi zai nuna, da an biya kuɗin takardar sai ya ɓace. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Ka tambayi kanka ko kana bukatar sunan da gaske, ka nemi wanda ya san aikin ya bincika maka, kada ka biya sai ta hannun na tsakiya. Mafi sauƙi duka, ka yi rajistar sunan kasuwancinka tun yau, ka kuma riƙa sabunta shi a kan kari, don rigakafi ya fi magani.

A shekarar 2015 wani tsohon ma'aikacin kamfanin Google mai suna Sanmay Ved ya iske, saboda wani kuskure na na'ura, an kasa google.com a kasuwa, ya saye shi a kan dala 12. Minti ɗaya ya yi a hannunsa aka soke cinikin. Bai nemi fansa ba, bai yi barazana ba, sai ya sanar da kamfanin abin da ya gani. Suka ba shi tukuicin dala 6,006.13, da ya ce sadaka zai bayar da su, suka ninka masa. Idan ana samun irin wannan hali a duniyar da kowa ke neman na kansa, to, mu da aka yi wa albishir da cewa ɗan kasuwa mai gaskiya da amana yana tare da annabawa da siddiƙai da shahidai, mu ne muka fi cancanta da shi.

Saboda haka kafin ɗan'uwa ya aika da wasiƙarsa, ya sake karanta ta layi layi, ya tambayi kansa: sunan nan nawa ne da gaske? Akwai wanda ya fi ni haƙƙi a kansa? Akwai kalma ɗaya a ciki da ba zan iya rantsuwa a kanta ba? Akwai abin da na sani wanda in mai saye ya sani zai fasa? In ya tsallake waɗannan, ya aika, Allah ya sa albarka. In kuwa ya yi tuntuɓe a ɗaya, ya gyara ko ya bari, don abin da aka bari saboda Allah ba ya zama hasara.

Allah ya azurta mu da halal, ya tsare mu daga haram, ya sa mu gama da duniya lafiya. Amin.